Yatsan Injiniya Sa'idu a Kan Maɓalli

Na yi ritaya, amma akwai wata Asabar ta tsakiyar damina da ba ta taɓa barin zuciyata ba. Lokacin ana ta kwaso ma'aikatu daga Legas zuwa Abuja, ni kuma ina ƙaramin jami'i a hasumiyar filin jirgin sama, inda muke ba matuƙan jirage umarnin tashi da sauka. Shugaban aikinmu a ranar Oga Bulus ne, mutum marar son dogon zance.

Akwai wani Injiniya Sa'idu, Bazazzagi mazaunin Garki, da ya sayo kayan ƙaramin jirgi mai kujera biyu, ya haɗa abinsa da hannunsa. Takardunsa sun cika, amma izininsa na tashi ne idan sama ta yi garau kawai, inda ido ke ganin ƙasa. Mukan tsokane shi mu ce Vespa ya sa wa fikafikai, shi ma ya yi ta dariya.

Ranar ya tashi bayan azahar ya nufi wajen Karshi. Kafin ya juyo hadari ya taso daga gabas, ruwa ya kece, gajimare ya haɗiye shi. Ga wanda bai san aikin ba, matuƙin da bai koyi tuƙi cikin gajimare ba jikinsa yaudararsa yake yi. Zai ji kamar a miƙe yake tafiya alhali jirgin ya karkata yana gangarawa, kuma ƙasarmu nan duwatsu ne ko'ina.

Ya kira mu da Turanci yadda doka ta ce, ya faɗi cewa ba ya ganin komai. Kafin in amsa sai Turancin ya ƙare. Ya kama kalmar shahada, ya shiga addu'a, yatsansa danne a kan maɓallin magana. Rediyon jirgi kuwa ba kamar tarho ba ne, muddin ɗaya ya danne, ɗayan ba ya shiga. Muna jin komai, har ƙarar ruwa a jikin jirgin, shi kuwa ba ya jin mu.

Abin da ya fi ci mini rai, muna da na'urar da ke nuna ɓangaren da murya ke fitowa. Addu'ar tasa ta nuna mana sarai ta inda yake, ga hanyar gida a hannuna, ba damar miƙa masa. Na yi ta kira a banza. Oga Bulus ya dafa kafaɗata.

"Bar ihu, Malam Habu. Kai ne ka san addu'an nan. Yaushe zai gama?"

Na kasa kunne. Ya roƙi gafara, ya roƙa wa iyayensa, ya ba Allah amanar iyalinsa. Na ce, "Oga, in ya kai ƙarshe zai saurari amin. Nan ne zai saki."

"To ka shirya magananka. Guda ɗaya, ba biyu ba."

Injiniya ya ce Allah Ya sa mu cika da imani, sai layin ya yi tsit. Wallahi amin ɗin ta zo har leɓena, don tun ina yaro ban taɓa jin wannan addu'a na yi shiru ba. Na haɗiye ta, na danna, na ce da Hausa, "Injiniya, ɗauke yatsanka, kada ka sake dannawa. Dubi na'urar da ke nuna karkata, daidaita fikafikanka. Kada ka yarda da jikinka."

Ya ji. Daga nan na riƙa jan shi sannu a hankali, in ba shi alƙibla, in ce ya danna sau ɗaya kawai in ya gane. Can gajimaren ya ɗan yage a saman Lugbe, ya hango kwaltar da ke zuwa filin jirgi, ya biyo ta har ya sauka. Ya daɗe zaune a cikin jirgin bai iya fitowa ba.

Wajen magariba ya hawo hasumiya, rigarsa jiƙe sharkaf, ya tambayi wanda ya yi masa magana. Oga ya nuna ni. Ya riƙe hannuna ya ce, "Ɗan'uwa, na yi addu'ar ƙarshe, ban ji ka amsa ba."

Na ce, "Yallaɓai, da na amsa, da ka ci gaba."

Shi ya sa nake gaya wa yaran da na horar cewa mai jin tsoro ba a rasa shi da magana, saurare ne yake gagararsa. Aikinmu mu tanadi kalmar da za ta cece shi, mu jira ɗan shirun da zai yi, ko da tausayi na neman ya sa mu faɗi wata. Injiniya bai saki hannuna ba ranar sai da na ce masa amin, kuma ban iya faɗinta ba sai da hawaye.