Ramar Mama a Gorton

Shekarar da Mama ta zo wurina a Gorton, can ƙasar Turawa, ta taho da irin rama ƙulle a bakin zani. Garin bai kwanta mata ba. Ni kuwa so nake ta zauna gaba ɗaya, don tun rasuwar Baba ita kaɗai ce a gida. Da na matsa mata sai ta ce, "In ramar nan ta yi fure, ƙasar ta karɓe ni, zan zauna. In ba ta yi ba, ki nemo mini tikiti."

Sai na kafa mata ɗan ɗakin gilashi na rainon shuka a bayan gida. Har yau ina ganinta a ciki da safe, gumi ya lulluɓe gilashin, ita kuma inuwa ce kawai tana motsi cikin kore, tana rera waƙoƙin coci ƙasa-ƙasa. In na shiga kai mata shayi, ɗumi da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa kan mantar da ni inda nake. Ramar ta kai ƙirjina, ganyenta a buɗe kamar yatsun hannu. Ni da na girma da kwaɗon rama, ko sau ɗaya ban taɓa kallon ganyen nan na ga wiwi ba. Ashe wasu ta bayan katanga sun gani.

Ramar ta fara ƙunso fure ke nan, wata Lahadi muka dawo daga coci muka tarar an fasa gilashin. An tumɓuke ta duka, har saiwa.

Ƙanena ya taso daga Birmingham, shi da ba ya rasa bayani. "Yaya, da gwamnati ta yi legalising wiwin nan, ta halatta shi, wa zai haura katanga saboda ganye? Shago zai je ya saya."

Mijina ya ce, "Ɓarawo ɓarawo ne. Ai keke ma halal ne, kuma ana sace shi."

Suka yi ta yi har abinci ya huce, wannan ya ce laifi zai ragu, wancan ya ce salo kawai zai sake. Haushi ya ishe ni, don babu wanda ya dubi Mama. Tana bakin taga tana kallon tukwanen shukar da babu komai a ciki.

Can ta ce, "Allah ya sa dai su gane su dafa. Su zubar da ruwan farko, akwai tsami."

Na ce, "Mama, sai mu sake shukawa."

Ta kwance bakin zaninta ta nuna mini, babu ko ƙwaya. Irin na ƙarshe ne daga lambun Baba.

"Ai ta kusa yi," na ce.

"Ta kusa," in ji Mama. "Ki duba mini jirgin da kujerarsa ke gefen taga."