Baba Yahuza, Mai Tayar da Mataccen Fenti

Da an idar da sallar asuba, Baba Yahuza zai turo kurarsa zuwa gindin darbejiyar nan ta bakin filin motoci a Hunkuyi. Bokiti biyu, tarin tsummokara masu laushi, sai kwalabe uku da ba ya yarda kowa ya taɓa. Shekara talatin da ɗaya ke nan yana goge motoci a wurin.

Aikinsa ba ya son gaggawa. Ya wanke mota, ya bari ta bushe a inuwa, sannan ya sa hannu cikin leda ya shafa jikinta. Duk dattin da ido bai gani ba, yatsunsa za su ji shi ta cikin ledar. Sai ya bi ta da man kwalba ta farko, mai cire dattin da ya kama fenti da tsohon folish. Ta biyu ta cike ƙananan ƙarce. Folish shi ne na ƙarshe. In ka ce ya tsallake guda ɗaya, zai miƙo maka makullinka.

Ku tambayi Ja'afaru direba. Bara ya shafe bas ɗinsa da gas wai don ta yi sheƙi da salla. Ta yi sheƙin kwana ɗaya, rana ta gasa ta, ƙura ta manne, fenti ya koma kamar bayan tukunya. Kowa ya ce sai sabon fenti.

"Baba, ka rufa mini asiri, mai motar zai karɓe ta," in ji Ja'afaru.

"Kai ma dai, yaro! Mota ce ko fitila?"

Kwana uku Baba yana kanta, har fentin ya farfaɗo. Ja'afaru na nan yana tuƙa ta har yau.

To, wannan Baba Yahuzan ne kwamitin filin ya ba wa'adin mako biyu ya tashi, wai za a kafa injin wanki a wurin. Haba jama'a! Ko kujera ba a ba shi ba, a tsaye aka karanta masa takardar. Wallahi abin ya ƙona mini rai. Injin zai watsa ruwa, na yarda, amma yaushe inji ya san fentin da ya gaji?

Abin da ya fi ba ni haushi, washegari shugaban kwamitin ya aiko da motarsa a goge masa, zai je ɗaurin aure Makarfi. Ko kunya babu! Direbobi suka ce Baba ya lafta mata folish a kan datti, ta dusashe kafin Juma'a. Bai kula su ba. Ya wanke, ya shafa, ya bi ta mataki-mataki har la'asar.

"Motar ba ta yi mini laifi ba," ya ce.

Baba Yahuza, kai ne mai gaskiya ko ba a kallo. Kai ne ka koya mana cewa ba a ɗora ƙyalli a kan datti. Mun gode, Allah ya saka da alheri, ya ƙara wa hannuwan nan lafiya. Masu sana'a, ku yi koyi da shi.

Ku kuma direbobin da ya rufa wa asiri, saura kwana tara. Kun san ofishin kwamitin, kun san hanya. In kuka yi shiru aka tashe shi, kada wanda ya zo yana yaba shi a bayansa.