Doña Eumelia Ta Ce a Buɗe Bonet

Kafin keken doki na farko ya gangara titin bakin teku, Doña Eumelia Barzaga ta riga ta ɗaure gashinta da ƙyalle, ta shanye baƙin kofinta a tsaye, ta zare sakatar gareji. Shekara talatin da ɗaya haka safiya ta riƙa farawa a unguwarmu a garin Cárdenas. Ba ta taɓa aikin kowa sai ta share ƙarƙashin injinta, ta ɗiga masa mai, ta kunna ta ɗora tafin hannu a kansa tana saurare. In an ɗauke wuta, kuma ana yawan ɗaukewa, sai ta jawo kujera bakin ƙofa, ta ɗauki magagari ta ci gaba da hannu. Mai wucewa ya gaishe ta, ta amsa ba tare da ta ɗago ba.

Injin nan na feƙe ƙarfe ne. A ɗaura masa guntun ƙarfe yana juyawa, ita kuma tana shaftarsa kaɗan-kaɗan har ya zama abin da ake nema. A masana'antar sukari ta koyi aikinsa tun tana budurwa, ita kaɗai mace a cikin maza arba'in. Da aka rufe masana'antar aka ce za a farfasa shi, sai ta nemi izini, ta samo shanu biyu suka jawo mata shi har gida. Mijinta, marigayi Anselmo, ya tsaya a ƙofa yana riƙe da ƙugu.

"To, a ina za ki ajiye wannan dodon?"

"Inda teburin cin abinci yake."

"Mu kuma mu ci a ina?"

"A cinya, kamar yadda kake yi kullum in ana ƙwallo."

Motocin garinmu sun girmi masu tuƙa su. Tun zamanin kakanni suka shigo daga Amurka, kuma tuntuni kayan gyaransu suka daina zuwa. In abu ya karye, mutum ya naɗe shi a jarida ya nufi wurin Doña Eumelia. Za ta juya shi, ta auna, ta tafi bayan gida inda ta tara tarkacenta: ƙarfen amalanken rake, notin layin dogo, tagullar tsohon famfo, sandar farfelar jirgin kamun kifi. Bayan kwana uku mutum ya dawo ya karɓi abinsa sabo fil, ya zauna daram a mazauninsa.

Amma akwai masu zuwa ta ƙofar gaba, akwai masu zuwa ta ƙofar baya. Direbobin haya ta gaba suke shigowa, su zauna a sha kofi. 'Yan ƙungiyar masu tsofaffin motoci, waɗanda ke jera motocinsu a dandali kowace Lahadi cikin fararen riguna, su ta baya suke zagayowa. Dalili kuwa, dokar ƙungiyar ta ce layin gaba na motar da komai nata na asali ne, yadda ta fito daga kamfani. Sai su karɓi aikin hannun Doña Eumelia, su shafa masa baƙin mai don ya yi kamar tsoho, ran Lahadi su ce wani ɗan uwa ne ya aiko daga ƙetare. Shugabansu, Don Hilario Quesada, tsohon likitan haƙori mai koriyar mota ƙirar Buick ta 1953, shi ya fi kowa sanin hanyar bayan. Sau ɗaya ta ce masa a rubuta sunanta a ƙungiyar. Ya yi dariya ya ce, "Haba Doña, ko keke ba ki da shi. Kuma kin san taron namu na maza ne." Ba ta sake tambaya ba.

Sai shekarar da guguwa ta turo teku cikin gari. Nicanor Ferrales, direban haya da ya haura sittin, yana da mota ƙirar Plymouth ta 1950 da ya gada daga mahaifinsa. Ita ce abincin gidansa, kuma da ita yake kai matarsa Obdulia wankin ƙoda a birnin Matanzas sau uku a mako. Kwana uku motar ta yi cikin ruwan gishiri. Da ruwa ya janye aka same ta cike da yashi, inji ya daskare, har ƙananan kaguwa na yawo a ƙarƙashin kujera. Makanikai uku suka duba, kowa ya girgiza kai. Don Hilario ya zo jaje, kafin ya tafi ya ce in za a rabar da ita, shi yana son bamba da fitilun gaba.

Nicanor na zaune a dakali ya haɗa kai da gwiwa sai ga Doña Eumelia. Ta zagaya motar, ta leƙa ƙarƙashi, ta ƙwanƙwasa injin da sifana.

"Wa ya ce maka ta mutu?"

"Kowa ya faɗa, Doña."

"Kowa ɗin nan ya taɓa haɗa inji? Tashi ka nemo masu turi. Kuma ka goge fuskar nan, kada Obdulia ta gan ka haka."

Ta ture aikin kowa gefe, har da na shugaban ƙungiya. Ta warware injin gaba ɗaya, ta jera sassansa a kan buhunan sukari. Wanda zai wanku ta wanke, wanda gishiri ya cinye ta feƙe sabonsa. Mako goma sha ɗaya aka yi ana wannan fama. A tsakanin nan Obdulia a bayan babbar mota take zuwa asibiti, a tsaye wani lokaci, ta dawo kamar an yi mata duka. Sau biyu ta ce ta gaji, ba za ta ƙara zuwa ba, abin da Allah ya rubuta ya same ta. Duk sau biyun Doña Eumelia ta ajiye aiki ta tafi gidan da baƙin mai a hannunta. Maƙwabta sun ji ta ta taga tana cewa, "Ke Obdulia, ni ina can ina kashe idona a kan motarki, ke kina nan kina shirin mutuwa? Ba ki isa ba. Sai kin hau ta tukuna, bayan nan ki yi abin da kika ga dama."

Ranar wata Talata da safe Plymouth ta yi tari sau biyu, ta tashi. Obdulia ta zauna a gaba da jan gyale. Yau shekara tara ke nan, tana nan da ranta, har yanzu a motar ake kai ta.

Ke ce, Doña Eumelia. Gagara tsatsa. Ke kika tsaya tsakanin motar nan da masu guduma, kika tsaya tsakanin matar nan da fid da rai, ba wanda ya aike ki.

Da babban taron ƙungiya na shekara ya zo, Nicanor ya wanke motarsa tas, ya kai ta dandali. Mahaifinsa na cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar, wurinsa a layin gaba yake tun fil azal. Alƙalan gasar ranar suka leƙa injin, suka yi ƙus-ƙus, sannan Don Hilario ya ce a ja ta bayan igiya, wajen 'yan kallo. Wai ta zama haɗe-haɗe, rabin cikinta ƙirar bayan gida ne, duk gari ya sani.

Wata mai sayar da soyayyar ayaba ta ruga ta gaya wa Doña Eumelia. Ta zo da rigar aikinta, da tsumma da ɗan madubi a hannu. Ba ta taɓa taka dandalin ran Lahadi ba sai ranar. Ta ɗaga igiya ta wuce, ta tsaya gaban koriyar Buick.

"Hilario, buɗe bonet."

"Doña, nan ba wurin wannan maganar ba ne. Mu haɗu gobe."

"Ta ƙofar baya? A'a. Buɗe, ko in buɗe da kaina, ai na fi ka sanin inda makamar take."

Ya buɗe. Ta goge gindin famfon ruwan injin da tsumma, ta kara madubi, ta ce wa alƙalai su matso. Ga ɗigo uku, ƙanana, an buga su da bakin ƙusa.

"Duk abin da ya fita daga hannuna yana da wannan," in ji ta. "Ba don alfahari nake bugawa ba. Don in abu ya lalace ya yi ɓarna, a san wa za a tuhuma. Wannan famfon daga sandar jirgin kamun kifi na cire shi. Har yanzu in ka shinshina za ka ji ƙarni."

Dandali ya fashe da dariya. Ita ko murmushi ba ta yi ba. Ta bi layin mota bayan mota. Wannan Chevrolet, ƙarfen sitiyarinta nata ne. Waccan Dodge, haƙoran giyarta. Wani ya yi saurin zama a kan bonet ɗinsa, ta ce, "Zauna da kyau, Eleuterio, naka a birki yake, sai an kwanta ƙasa ake gani." Mota ashirin da uku ke layin gaba ranar. Biyu kaɗai ba su da ɗigonta, su kuwa janyo su aka yi da igiya, don shekara da shekaru ba su tashi ba.

Ta dawo ta tsaya gaban shugaba. "To, ga dokarku. In Plymouth za ta koma bayan igiya, duk mai ɗigona ya bi ta. A bar muku gawa biyu ku yi ta tafa musu."

Kada a ɗauka nan take suka rungume ta. Don Hilario ya ce ta ci amana, ta tona asirin masu kawo mata aiki. Aka tashi taro baram-baram, ba a ba kowa kyauta ba. Wata shida 'yan ƙungiya suka ƙaurace mata, wasu har hanya suke canzawa. Abinci ya ja baya a gidanta, shinkafa da baƙin wake ma sai a lallaɓa. 'Yarta ta roƙe ta ta je ta ba da haƙuri, ta ce ba ta ga abin haƙuri ba. Da motocinsu suka fara tsayawa ɗaya bayan ɗaya, sai suka soma zagayowa kamar da. Suka tarar ta sa an toshe ƙofar bayan da bulo, an shafe da siminti. Mai son aiki ya shigo ta gaba, ya gaisa da direbobin haya, ya jira layinsa.

Sai bayan shekara biyu aka gyara dokar. Suka zo mata da allo mai ruwan zinare, wai sun naɗa ta mamba ta girmamawa.

"Ta girmamawa tana jefa ƙuri'a?"

"A'a, Doña, amma ai daraja ce."

"To ku kai wa wadda take bukatar abin rufe ɓaraka a bango."

Suka koma suka sake zama. Yau katinta na ƙungiyar irin na kowa ne, kuma tun daga ita mata huɗu sun shiga.

Watan jiya ta ajiye aiki, tana da shekara saba'in da uku. Yanar ido ta fara rufe mata ido ɗaya, hannu kuma ya soma rawa. Ta feƙe wani ƙarfen birki, ta auna, ta ga ya kauce da abin da bai kai kaurin gashi ba. Mai motar ya ce ba komai, zai shiga haka. Ta jefa shi cikin tarkace ta ce, "Mutane za ka ɗauka a motar nan, ba buhun gawayi ba." Ranar ta daina karɓar aiki. Wani ya taso tun daga babban birni Habana zai sayi injin, ta ce ba na sayarwa ba ne, na koyarwa ne. Yanzu duk Alhamis tana zaune a gefensa da sanda, manyan mutane bakwai suna koyo, direbobi da wata tsohuwar ma'aikaciyar jinya, har da Don Hilario, wanda ta ce yana riƙe magagari kamar zai ciro haƙori.

Doña Eumelia, ke ce kika riƙe garin nan a kan taya, sunanki a ɓoye ƙarƙashin baƙin mai. Sun ce ba ki da mota, alhali ba motar da ke motsi a Cárdenas da ba ki da rabo a cikinta. Ba ki roƙi kowa kujera ba, ba ki kuma karɓi rabin kujera ba. Mun gode. Obdulia ta gode, ita da duk wanda ya taka birki a gangare ya tsaya lafiya bai san hannun wa ya tsayar da shi ba.

Saura mu. Duk wanda wani ke yi masa aiki a ɓoye, shi kuma yana karɓar tafi a fili, ya faɗi sunan mutumin nan tun yana raye yana ji. Mai sana'a kuma ya yi aikin da zai iya sa wa hannu gaban kowa. In an ja wani bayan igiya bisa zalunci, kada ka tsaya cikin 'yan kallo kana tsaki. Ɗaga igiyar ka wuce.