Shidar Baba da Na Ɗauka Bakwai Ce

Jiya bayan la'asar na tarar da Baba a zaure ya gama sudokun da na bugo masa a Kazaure, wasan nan na cike gidaje da lambobi ɗaya zuwa tara ba tare da an maimaita lamba a layi ba. Irin mai wuyar nan ne, wanda ko a layin da ya ratsa daga kusurwa zuwa kusurwa ba a maimaita lamba. Likita ne ya ce a riƙa ba shi, tunda mantuwa ta fara kama shi.

Na karɓi takardar na duba.

Na ce, "Baba, ga bakwai biyu a layi ɗaya."

Ya ce, "Wannan shida ce. Haka malaminmu na Roni yake rubuta ta."

Ashe shidar Larabci ya rubuta, mai kama da bakwai ɗin boko. Na bi gida-gida, babu kuskure ko ɗaya. Har na fara hamdala, sai ya dube ni cikin ladabi.

"Malam, kai ɗan gidan wa ne?"

Kowace lamba ya san gidanta. Ni ɗansa na fari ne ya rasa inda zai sa.

Masu jinyar iyaye, don Allah me kuke amsawa?