Zubairu Wanzami da Hannun Usaina

Zubairu wanzami bai taɓa zama a aji ba, ko sunansa aka rubuta masa a bango wucewa zai yi, amma shi ya cika makarantar tungarsu da yara a shekarar 1976, kuma har ya koma ga Allah ba wanda ya ce masa sannu da aiki.

Tungar tana bayan Badarawa, a ƙasar Shinkafi. Aska gado ce a gidansu. Duk jaririn da aka haifa a nan da ƙauyuka huɗu na kewaye, shi ya aske shi ranar suna, shi ya cire masa beli, in namiji ne shi zai yi masa kaciya. Gajere ne mai baki, da zabira a kafaɗa da wani keke wanda ba shi da birki sai dugadugan mai shi.

A shekarar ce gwamnati ta ce kowane ɗan shekara shida ya shiga boko kyauta. Aka gina aji biyu, aka turo hedimasta, Malam Matthew, mutumin kudancin Zariya da ya tashi a Kaura Namoda, inda ubansa ya yi aikin jirgin ƙasa. Wata guda yana buga ƙarfe da safe, yara bakwai ke zuwa, biyu daga ciki ma nasa ne. Daga ofis kuma aka aiko cewa ranar da jami'i zai zo, in ba a kai arba'in ba, za a kwashe bencina a rufe.

Wajen aski ya yi wa Zubairu wannan kuka. Zubairu ya ce masa ai laifinsa ne, wa ya ce ana tara yara da ƙarfe kamar kasuwar gwanjo, ga gero ya nuna, kowane yaro yana gona korar tsuntsu. Da Malam Matthew ya roƙe shi, ya goge askarsa a tafin hannu ya ce a bar masa.

Dabararsa ɗaya ce. Ba ya zuwa wajen mai gari, don ya san abin da za a yi: a tattaro 'ya'yan marasa galihu a miƙa, na manya su ɓuya a rumbu. Gida-gida ya bi. In maigida ya zauna an jiƙa masa kai, aska na kan maƙogwaronsa, sai Zubairu ya ɗauko zancen, don a lokacin ba mai gardama. Gidan da ya ba da ɗa, sai ya ce su nuna masa gida na gaba, kuma su aika kafin ya isa. Usmanu mai rini ya nuna surukinsa, surukin ya nuna abokin nomansa, haka har Zubairu ya bar ƙirga da yatsu. Kowa kuma abu ɗaya yake tambaya: ya tsaya musu? Ya ce ya tsaya.

Gidan Iyatu ne ya fi ba shi wahala. Mijinta ya rasu, ita ce ungozomar unguwar gabas, kuma matan unguwar ba sa motsi sai sun ga inda ta sa ƙafa. Tana da tagwaye, Hasana da Usaina. Sau uku yana zuwa tana sallamarsa daga zaure. A na huɗu ta ce ta yarda, da sharaɗi: tagwaye ba a raba su, ko zane aka saya iri ɗaya ake saye, to ko su shiga tare ko su zauna tare.

"Iya, in an raba su, ki bar kirana wanzami," in ji shi.

Tana ba da nata, gida goma sha ɗaya suka biyo ta. Ranar da jami'in ya zo, yara arba'in da shida ne a layi, kan kowane namiji na sheƙi, don Zubairu ya kwana biyu yana aske mazan.

Jami'in ya sauko daga mota da tabarau da rajista. Ya ce tunda ba mai takardar haihuwa, awo za a yi: yaro ya ɗora hannun dama ta saman kai ya taɓo kunnen hagu. Wanda ya taɓo ya kai shida, wanda bai taɓo ba ya koma gida. Ga mutumin da ya san ranar sunan kowane ɗayansu yana tsaye a gefe, ba a ko dube shi ba.

Hasana ta taɓo. Usaina, wadda ƙyanda ta kwantar tana ƙarama, ta miƙa, ta karkata wuya, yatsanta ya tsaya saura kaɗan. Jami'in ya ce ta fita layi, sai baɗi.

Zubairu ya matso ya rusuna. "Ranka ya daɗe, ɗiyan ga tagwaye na. Rana guda ni aske su, watan da aka gama yaƙin basasa."

"Kai ne wa?"

"Wanzaminsu."

"To je ka yi askinka. Doka ta ce hannu."

"Ashe a wajenku uwa na haihuwar guda bana, ta aje guda sai baɗi?"

Iyaye suka fashe da dariya, kuma dariyar nan ce ta kashe maganar. Da ma a keɓe aka gaya wa jami'in, wataƙila ya kau da kai. Amma an yi masa dariya a gaban direbansa. Malam Matthew ya bi shi har mota yana magiya da Turanci, jami'in ya ce shi ba ya canja abin da ya riga ya rubuta da biro.

Iyatu ba ta yi hayaniya ba. Ta shiga layi ta kamo hannun Hasana, ta kamo na Usaina, ta wuce ta gaban Zubairu ba ta dube shi ba. Kafin sati, unguwar gabas duk ta janye 'ya'yanta. Makarantar ta tsira, don an riga an rubuta adadi a rajista, sai dai rabin bencinan kaji ke kwana a kai.

Zubairu ya je gidan Iyatu sau da yawa. Ta aiko masa cewa ba ta riƙe shi a zuci ba, amma abin da ya faɗa da bakinsa shi za ta bi. Daga ranar, duk haihuwar da ta karɓa, wanzamin Badarawa ake kira, shi kuwa yana zaune gindin bedi yana wasa aska ba kan da zai ɗora ta.

Bayan wata uku takarda ta zo daga ofis. Malam Matthew ya so ya ɓoye, Zubairu ya matsa sai ya fassara masa. An yaba wa jami'in da ya buɗe makaranta da yara arba'in da 'yan kai, an kuma rubuta cewa mutanen yankin jahilai ne masu ƙin ilimi, musamman na 'ya'ya mata. A ƙasa aka ƙara cewa hedimasta ya nemi masu faɗa-a-ji su taimaka wajen ɗibar baɗi.

Malam Matthew ya naɗe takardar, sannan ya tambaye shi ko zai sake gwadawa. Zubairu ya ce masa gida nawa ya rage da za su buɗe masa zaure, da har zai ɗauki alkawarin wani ya kai musu. Ya rataya zabirarsa ya tura kekensa zuwa kasuwar Shinkafi, inda baƙi ke aski, ba wanda ya san abin da ya taɓa tsaya wa.