Azumin da Likita Bai Ɗora Ba

Yayana, Allah ya ƙara masa lafiya, ya daɗe yana fama da gyambon ciki. Tun zuwanmu Kwatano shagonmu ɗaya a Zongo, muna sayar da yadi, don haka ciwonsa a kan idona yake. In ya taso masa sai ya kira masu tallan magani a faranti, ya zaɓi ja da rawaya ya haɗiye. Da ƙyar na lallashe shi muka je asibiti. Likita ya rubuta mana ordonans, wato takardar magani, muka saya a farmasi. Wadda ta miƙo kwalin ta ɗaga yatsa tana nanata kalma guda ta Faransanci: "À jeun, à jeun." Mu dai "ajen" muka ji.

Mu biyun karatunmu na allo ne da ajami, Faransancinmu bai wuce na ciniki ba. Sai muka tambayi telan da ke jikin shagonmu, wanda ya ɗan taɓa lekol, wato makarantar boko.

"Ai wannan mai sauƙi ne, Alhaji," in ji shi, ko ƙafa bai ɗauke daga keke ba. "Jen shi ne azumi. Da azumi ake shan sa."

Yaya ya ji daɗi ƙwarai. "Ka ji magani mai tsoron Allah," ya ce.

Tun daga ranar sai ya riƙa cin sahur, ya kora ƙwayar a kai, ya yi niyyar nafila, ya wuni bai sa komai a baki ba cikin wannan zufa ta bakin teku. Kwanaki suka yi ta tafiya, mutum yana ramewa. Da la'asar sai in gan shi ya jingina da bandir ɗin shadda yana dafe da ciki. Har ta kai a zaune yake sallar magariba. Wata rana ya tura mini kwalin ya ce, "Ƙanena, maganin nan naku bai karɓe ni ba. Gobe zan koma wa masu faranti."

Abin da nake tsoro ke nan. Na sa kwalin a aljihu, na hau zem, babur ɗin haya, zuwa wata farmasi ta wajen Zogbo, inda aka ce mai wurin 'yar arewacin Benin ce, tana jin Hausa. Na yi mata bayani tun daga farko. Ta saurara har na kai wajen sahur, sai ta rufe baki da mayafi.

"Baba, ka yi haƙuri da dariyata. Wa ya ɗora wa mai gyambo azumi?"

"Tela," na ce.

"To, ya tsaya a ɗinkinsa. Kalmomin 'yan gida ɗaya ne, amma wannan cewa take a sha kafin a karya kumallo. Ya sha, ya ɗan dakata, sannan ya ci abincinsa."

Na tambaye ta wa ya yanke haka. Ta ce kafin a yarda magani ya shigo kanti sai an daɗe ana gwada shi a kan mutanen da suka amince, wasu su sha da abinci a ciki, wasu babu, a duba inda ya fi aiki. Sannan hukuma ta bi sakamakon ta tantance, ta ba da izini. Na faranti kuwa, ta ce, ko daga ina ya fito ba wanda zai gaya maka, ga rana tana dukansa kullum.

Na ari alƙalaminta, na rubuta a jikin kwalin da ajami, da manyan baƙaƙe: kafin karin kumallo, sannan a ci abinci.

Da na dawo Yaya ya karanta da kansa, sannan ya ce, "To ladan fa?"

"Wanda ka yi dominsa ya gani, Yaya."

Washegari ya sha ƙwayarsa bayan asuba, ya ja carbi, aka kawo koko da ƙosai. Sannu a hankali jiki ya dawo, ya koma sahu a tsaye. Masu faranti suna wucewa su gaishe shi, ya amsa, ya bar su su wuce. Telan kuwa, har yau in an kawo abincin rana Yaya yakan leƙa ya kira shi: "Malam mai fassara, bismilla, ko kana ajen ne?"