Bindigar da Ba Ta Hutawa

Har yau in na ƙyasta ashana zan hura gawayi, ƙaurinta kan mayar da ni maƙerar kakana. Ƙaurin albarushi ne sak. Nakan tsaya da tsinken a hannu har wuta ta kusa lasar yatsana, jikokina su ce tsufa ne ya kama ni. Ba na ja da su, na gaji da gardama.

Ƙauyenmu yana tsakanin Daudawa da Sheme, inda gonaki suka ƙare daji ya fara. Kakana na wajen uba maƙeri ne. Da damina fartanya da garma yake ƙerawa, da kaka lauje da magirbi, in rani ya yi kuma maharba su kawo masa bindigoginsu na toka ya gyara. Amaryarsa yake kirana, yana cewa kunun da nake kawo masa ya fi ruwan rafi tsinkewa, amma bai taɓa rage ko kurɓi ɗaya ba. Yana da wata gajeriyar bindiga da ya ƙera wa kansa don korar birai daga masara. Harba-ka-ruga ake ce wa irinta, domin harbi ɗaya take yi. In ka samu, ka gode wa Allah. In ka kuskure, sai ka nemi ƙafarka, don kafin ka sake ɗura ta, abin da ka harba ya iso gare ka.

A shekarun da kuɗin mai ya fara zuba, komai sabo ya riƙa shigowa ƙauye: rediyo, kwanon silba, katifar soso. A cikin wannan yayi ne Kawu, ƙanen mahaifiyata, wanda yake aikin ɗan sanda a Kaduna, ya zo hutu da kaka a kan sabon babur. Ana ta kallon babur, amma maza abin da ke ɗamare a ƙugunsa suke satar kallo.

Bayan la'asar suka taru a rumfar maƙera. Maƙwabcinmu, wani tsohon ɗan doka, ya shiga gida ya fito da tsohuwar libarba wadda ba ta da ko harsashi ɗaya, ya ajiye a tabarma. Kakana ya ajiye tasa. Kawu ya zare harsasan tasa, ya ajiye ta uku. Ina tsugune bakin zugazugi da ƙwaryar kunu, ba wanda ya kore ni.

Kawu ya yi bayani tiryan-tiryan, kuma ban ga inda ya yi ƙarya ba. Ya ce libarba ba ta da laifi, ba ta cika cijewa ba, ko ta shekara a ajiye za ta tashi. Sai dai cikinta shida ne, ɗaya bayan ɗaya ake saka su, ga kumburin cikin nan da ke tokare riga. Tasa kuwa, fistol, shafal take kamar tafin hannu. Harsasanta suna jere a wani gida da ake turawa ta ƙasan mariƙi. Kana jan kunama ta harba, ta tofar da kwanson, ta ɗauko wani da kanta. In gidan ya ƙare, ka zare ka tura wani kafin ƙiftawar ido. Abin da take so kawai a riƙa goge ta ana sa mata mai.

Kakana ya ɗauke ta ya daɗe yana juyawa, yana bin ƙarfen da babban yatsa. Na ga sha'awa a fuskarsa, da ɗan kishi irin na mai sana'a. Ya ce ko zai shekara goma a bakin uwar maƙera ba zai fitar da irinta ba. Sannan ya tambaya:

"To, wanga abu, yaushe mai ita ka hutawa?"

Kawu ya yi dariya. "Baba, ai amfaninta ke nan. Ba ta hutawa."

Kowa ya yi dariya, har da kakan nawa. Mahaifina ya fi kowa, domin shi tun da aka ajiye fistol ɗin idonsa bai bar kanta ba.

Mahaifina mutumin kirki ne, amma zuciyarsa a kusa take. Kamar wutar kara, ta tashi fuu, ta mutu nan da nan. Shekarar nan kuwa dawarsa ta yi kyau yadda bai taɓa gani ba, kuma ita kaɗai ce abincin gidanmu har wata damina.

Ga yadda muke yi a lokacin. In dawa ta nuna, akan sare ta a kwantar a kan kunya ta sha rana 'yan kwanaki, sannan a zo a yanke zangarniya a ɗaure dammuna. Sai an kwashe an kai rumbu ake cewa an saki gona. Daga nan Fulanin rugar da ke kusa da mu su shigo da shanu, su ci karmami, su bar mana taki. Haka muka gada. Ardon rugar abokin kakana ne, matarsa ce ke kawo mana nono.

Kwana kaɗan bayan wancan zama, wata safiya, aka zo da gudu aka ce shanu suna cikin gonarmu. Mahaifina ɗakin Kawu ya fara faɗawa. Ina jin shi yana ɗaga katifa, yana zazzage jaka. Kawu ya tafi Faskari tun da sassafe, kuma ya tafi da abarsa. Sai mahaifina ya fito ya sungumi harba-ka-ruga da jakar albarushi a maƙera, kakana yana masallaci bai sani ba. Mahaifiyata ta tura ni in bi shi da ƙwaryar kunu, wai ko ganina zai sa ya ji kunya. Na san kisa ya tafi yi, ita ma ta sani.

Na tarar da shanu sun tattake kusan rabin dawar. Mai kiwon ɗan Ardo ne, saurayi wanda gemu bai fito masa ba, shekarar ce ta farko da aka bar masa garke shi kaɗai. Ya hango kara a kwance, ya ɗauka an gama girbi. Bai san a ƙarƙashin ganyen nan abincinmu na shekara yake ba.

Mahaifina yana tsaye a gabansa. Ya ɗaga bindiga ya harba. Hayaƙi ya turnuƙe, shanu suka watse, ɓawon itacen ɗorawar da ke gonar ya fallatsa a gefen kan yaron. Ya kuskure.

Ba wanda ya ruga a cikinsu. Yaron ya durƙushe a kan kunya. Mahaifina kuwa ya kafa gindin bindiga a ƙasa ya fara ɗuri. Ya zuba albarushi, rabi ya zube a ƙasa. Ya yagi tsumma ya cusa, ya zaro sandar ƙarfe yana dannawa. Ya laluba jaka yana neman 'yan ƙarafan da ake zubawa. Aikin nan ba ya yiwuwa da gaggawa, sai ka sunkuya, sai ka duba abin da hannunka yake yi. A nan ne muryar yaron ta samu fita.

"Baba, wallahi na ɗauka an saki gona."

Mahaifina ya ci gaba da danna sandar, amma a hankali, a hankali, har ta tsaya. Ya dubi yaron, ya dubi ɗorawar, ya dubi ni. Sai ya zauna daɓas a kan karan dawa, bindigar a cinyarsa, ɗurin bai ƙare ba. Da ya yi magana, ni ya yi wa.

"Ba shi kunun nan, bakinshi ya bushe."

Ardo ya zo da kansa, aka zauna gaban mai gari aka sasanta. Mun ci tuwon rogo da yawa a shekarar, amma ba wanda aka kai kushewa, ba wanda aka kai kurkuku. Kawu ya dawo ya ji labari. Bai canza ra'ayi ba, har ya rasu yana cewa fistol ta fi, kuma ga mai tare 'yan fashi a hanyar Kaduna gaskiyarsa ce. Amma bai sake kwance ta daga ƙugunsa a gidanmu ba. Kakana ma bai taɓa cewa ai ya faɗa ba. Ya karɓi bindigarsa, ya zazzage albarushin, ya rataye.

Yau shekaru sun tafi da su duka. Gonar nan ta koma daji, ba mai iya zuwa. Bindigogin da ke cikin dajin yanzu, daga Sabuwa har Ƙanƙara, ko fistol ɗin Kawu wasan yara ce a gabansu. Ranar da muka bar ƙauye, wani tsoho ne ya zo a ƙafa da hantsi, ba sanda ba saniya, don shi ma an kwashe masa garke. Ya ce mu tashi kafin la'asar, 'yan bindiga na tafe. Sai da ya ambaci ɗorawar gonarmu na gane shi, ɗan Ardon nan ne. Mun tashi, shi ya sa nake nan ina ba ku labari a ɗakin haya.

Kwanan baya jikana, wanda ya shiga 'yan sa-kai, ya zo yana nuna mini hoton wata bindiga a waya. Ya ce ta toka ba ta tsinana musu komai, wannan kuwa da kanta take ɗura kanta. Ban hana shi ba. Da wane baki zan hana wanda aka kashe wa uba a gona? Na dai tambaye shi abin da kakana ya tambaya, yaushe mai ita yake hutawa.

Ya yi dariya, irin ta Kawu.